Kafin A Ce Wautarsa Ta Ƙaru, A Duba Kunnensa

Da wuya ka sami zangon Hausawa a nan Kurmi, tun daga Sabo ta Badun da Agege da Idi-Araba har zuwa Anaca da Inugu da Fatakwal, wanda babu wani bawan Allah a cikinsa da aka haifa da raunin fahimta, ko kuwa wani ciwo ya taɓa masa ƙwaƙwalwa tun yana goye. Kowa ya san shi. Shi ne mai share ƙofar masallaci, shi ne mai ɗebo wa mai shayi ruwa, shi ake aika ya kai tuwo shago. A gaban idonsa a ce Malam wane, a bayan idonsa a ce dolo ko soko. Ba mahaukaci ba ne, ba ya jifa, ba ya tsiraici. Hankalinsa ne kurum bai kai na tsararrakinsa ba.

To, yau da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun manyanta. Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, watau akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibi. Wanda aka haifa zamanin mulkin Janar Gowon ya ba shekara 50 baya. Uwar da ta san kansa, wadda ko da ido ya yi magana ta gane, ta riga mu gidan gaskiya. Yanzu yana hannun ƙane, ko matar ƙane, ko wani maigida da ya riƙe shi saboda Allah.

Ana nan sai a ga mutumin ya sake. A kira shi ya yi shiru. A aike shi sayen gishiri ya dawo da sukari. Ya daina zuwa majalisa, ya koma lungu shi kaɗai, kana taɓa shi ta baya ya zabura ya hau faɗa. Nan da nan sai a yanke hukunci. Wannan ya ce wautarsa ce ta ƙaru, wancan ya ce kunnen ƙashi ya koya, wata ta ce ai iska ce ta shafe shi. Abin da nake so in jawo hankalin jama'a a kai shi ne, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mutumin nan ji ne ba ya yi, ba shi kuwa da bakin da zai ce ba ya ji.

Abin Da Likitoci Suka Gano

Raguwar ji da tsufa ba baƙon abu ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2021, ta ce mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji wanda ya kai a nema musu taimako, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Cikin waɗanda suka wuce shekara 60 kuwa, fiye da mutum 1 cikin 4 abin ya shafa. Wannan ke nan ga masu cikakken hankali.

Ga masu raunin fahimta al'amarin ya fi haka muni. A ƙasar Holan an gwada kunnuwan manya 1,598 masu wannan larura, aka buga sakamakon cikin 2006. An tarar wajen kashi 30 cikin 100 suna da raunin ji, kuma kusan rabinsu ba wanda ya taɓa sanin haka sai ranar gwajin. Mai karatu ya lura, wannan fa a Turai ne, inda kowane ɗayansu yake da likitansa da masu kula da shi da ake biya albashi. In a can rabi sun ɓace wa idon likita, ina ga wanda ke kwana a barandar shago a Mil 12?

Binciken nan ya kuma nuna cewa kurumtar tsufa tana riskar masu raunin fahimta da wuri, kamar shekara 10 kafin sauran jama'a. Ga wani rukuni nasu kuwa, wajen shekara 30 take yin sammako. Su ne masu larurar da ake kira ciwon Dawun, sunan wani likitan Ingila da ya bayyana kamanninta cikin 1866. A kafofin labaranmu akan ce galahanga, ko da yake wannan suna ana yaɓa shi ga larurori iri-iri. Za ka gane su da gajarta, da faffaɗar fuska, da ƙananan idanu da kunnuwa, da yawan fara'a. Kowane ɗan Adam yana da ɗaurin ƙwayoyin gado 46 a jikinsa, bibbiyu bibbiyu, su kuwa 47 gare su, domin na lamba 21 ya zo musu uku maimakon biyu. A da ba su cika yin tsawon rai ba. A Amurka cikin 1983 galibi shekara 25 suke kaiwa, yau kuwa suna kaiwa wajen 60. Saboda haka mai wannan larura ɗan shekara 40, kunnensa yana iya zama kunnen tsoho ɗan 70, alhali kuwa ko furfura bai gama yi ba, balle wani ya yi zaton tsufa.

Dalilan ba a ɓoye suke ba. Ramin kunnensu tsukakke ne, dauɗar kunne ba ta samun hanyar fita, sai ta taru ta daskare ta toshe shi kamar an sa abin toshe kwalba. Tun suna yara ruwa yakan taru musu a bayan dodon kunne, ga yawan ciwon kunne mai zubar da mugunya, wanda in ya daɗe yakan huda dodon kunnen ya bar tabo.

Mu 'yan Arewa muna da ƙarin namu dalilan. Cututtukan da kan taɓa ƙwaƙwalwar yaro, su ne dai kan taɓa jijiyar ji: sanƙarau, da ƙyanda, da shawarar jarirai mai tsanani, da wahalar haihuwa. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Yaran da suka tsira da rauni a ƙwaƙwalwa da kunne, yau magidanta ne, wasunsu suna nan tare da mu. Ga allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin da ta tarin fuka ta da, da kuma kwinin, waɗanda in an yi su barkatai sukan kashe ji. Bugu da ƙari, aikin da kowa ya ƙi shi ake ba bawan Allahn nan: tsayawa kan injin niƙa tun safe har magariba, ko kwana a ɗakin janareto. Ƙarar da mai hankali zai guje wa, shi ba ya gudu, don an ce masa ya tsaya.

Me Ya Sa Ba A Ganewa?

Kurumtar tsufa ba dare ɗaya take zuwa ba, kuma ba duk sauti take ɗaukewa lokaci guda ba. Siraran sautuka take fara ci, irin su sa, da sha, da fa, da tsa. Mutum yana jin ana magana, yana jin tashin murya da saukarta, amma fara da sara da shara duk ɗaya suke a kunnensa. Kalmar “tsaya”, wadda ita ce ke ceton rai a bakin titi, tana cikin waɗanda kan fara dusashewa.

Har ila yau muryar mata da yara ta fi ta maza sirantaka, don haka ita ce ke fara ɓacewa. Wannan ne ya sa za ka ji uwargida tana ƙorafi, wai in maigida ya kira shi yana amsawa, ita kuwa ya raina ta. Ko a ce ai yana jin ƙarar kwano in an zuba abinci, sai an zo aike ne yake kurumcewa. Daga nan sai a ce jiki ya fi kunne ji, a ɗauko bulala a kan dattijo mai furfura. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi cikin rashin sani.

Ni da kai, in jinmu ya ragu, za mu ce a maimaita, mu je asibiti mu ce kunnen hagu ne, tun watan jiya ne. Shi kuwa bai san abin da ya same shi ba. Abin da ya sani kurum shi ne duniya ta yi masa nisa, mutane suna motsa baki suna harararsa. Wanda ba shi da kalmomin kai ƙara, da halinsa yake kai ƙara: ya yi fushi, ya ƙi abinci, ya riƙa dukan kunnensa, ko ya janye jiki.

Akwai wani tarko kuma. Masu ciwon Dawun gigin tsufa yakan kama su da wuri, da yawansu tun suna shekara 50 da 'yan kai. Alamun gigin tsufa da na kurumta kuwa sun yi kama ƙwarai: rashin amsawa, ruɗewa, manta saƙo. Har likita ma, in yana sauri, yana iya cewa ai larurarsa ce, ya sallame ku. Kada ku yarda a sallame ku ba a leƙa kunnen ba. Cikin 2020 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin gigin tsufa, waɗanda kuma ake iya magancewa. Ashe barin kunne a toshe yana iya jawo abin da ake tsoro.

Haɗarin Ya Fi Yawa A Kurmi

A ƙauye can gida, in irin wannan bawan Allah ya kurumce, duk gari an san ɗan gidan wane ne. In ya ɓata hanya yaro ma zai riƙo hannunsa ya kawo shi. Nan kuwa fa? Titin Agege ba ya jiran kowa. Ga 'yan acaba, ga motocin haya, ga tirela, ga jirgin ƙasa da ke ratsa kasuwa. Wanda ba ya jin oda, ransa yana hannun direba.

Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne ya ɓace cikin unguwar da ba a san shi ba. 'Yan banga su tare shi da dare, su tambaye shi da Yarbanci ko Turancin buroka, ya tsaya yana kallonsu yana murmushi. Mu duka mun san abin da kan sami baƙon da ya kasa bayanin kansa in an yi ihun ɓarawo. Ba sai na faɗa ba.

In abin ya ishi masu riƙo kuwa, maganin da aka saba shi ne a sa shi a motar da ta sauke shanu ko albasa, a ce a kai shi gida. Wane gida? Mutumin da aka haifa a Sabo, ya shekara 50 a Sabo, ya san kowane lungu da kowace fuska, a kai shi ƙauyen da bai taɓa gani ba, wurin dangin da ba su san shi ba, ga shi ba ya ji. Wannan yarwa ce aka sa mata sunan zumunci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da wanki kawai yake bukata.

Abin mamaki ma, mu da ke nan mun fi na ƙauye kusa da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da ko likitan kunne 1 ga mutum miliyan 1. A ƙasarmu ma 'yan kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, maƙwabcin zangonmu. Babban asibitin koyarwa na Badun ba shi da nisa da Sabo. Haka Binin da Inugu da Fatakwal, kowanne da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Dukkansu na Gwamnatin Tarayya ne, na kowane ɗan ƙasa. In har ya zama tilas a mai da shi Arewa, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa cikin 1999. A biya da shi ta nan tukuna.

Masu Cewa Ɓata Kuɗi Ne

Na san wani zai ce, mutumin da ko da kunnensa garau ba ya fahimta, me zai ji? Amsa ita ce shi ya fi kowa bukatar kunnensa. Mai cikakken hankali in rabin magana ta wuce shi, yakan cike sauran da kansa, ko a rubuta masa, ko ya duba saƙo a waya. Shi kuwa ba ya karatu, kalmominsa 'yan kaɗan ne, ba shi da abin ciko. Kunnen nan shi ne igiyar da ta ɗaure shi da mutane: gaisuwa, da kiran salla, da rediyon mai shayi, da muryar mai kiran sunansa. In ta tsinke ba shi da wata.

Wani zai ce ai ba za a iya gwada shi ba, tun da ba zai iya ɗaga hannu in ya ji ƙara ba. Wannan zancen da ne. Likita yana da 'yar fitilar leƙa kunne, cikin minti 2 zai ga dauɗa ko mugunya ko huda. Akwai na'urar da ke auna motsin dodon kunne. Akwai wadda ake sa wa a kunne ta aika sauti ta saurari amsar da kunnen ciki ya mayar, irin wadda ake gwada jarirai da ita. Akwai kuma wadda ake manna wa a kai ta auna saƙon da jijiyar ji ke kaiwa ƙwaƙwalwa, ko mutum yana barci. In ana gwada jinjiri ɗan kwana 2, ba dalilin da zai hana a gwada dattijo.

Wani kuma zai ce na'urar ƙara ji tsada gare ta. Gaskiya ne. Ga batir, ga laimar Kurmi da ke lalata ta, ga shi sai an yi haƙuri an saba masa da ita kaɗan kaɗan, in ba haka ba ya cire ya yar. A duniya ma kashi 17 cikin 100 kacal na masu bukatarta ke amfani da ita. Amma ba kowa ne ke bukatar na'ura ba. Wani dauɗa ce kawai, a ɗiga magani ta yi laushi, a wanke, ya fito yana ji. Wani ciwo ne da magani zai busar. Ko wanda jinsa ya tafi ba dawowa, sanin hakan kaɗai ya isa ya sauke bulala, ya sauya yadda ake yi masa magana. Mu kuwa Hausawa muna da maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda ko masu ji sukan taɓa a kasuwa. Alamu 20 ko 30 na ci da sha da zo da tafi da ciwo sun isa su mai da shi cikin mutane.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Masu riƙo su sa ido. In ya fara juyo da kunne ɗaya, ko yana ƙura wa bakinka ido, ko yana manna rediyo a kunne, ko muryarsa ta sauya, ko kunnen yana wari, to a yi bincike. Gwajin gida mai sauƙi ne: ka tsaya bayansa kamar kamu 2 inda ba ya ganinka, wuri shiru, ka faɗi abin da yake so cikin raɗa, kamar “ga goro”. Ka gwada ta dama, ka gwada ta hagu. In ji ya ɗauke farat ɗaya kuwa, kada a kwana biyu, a tafi asibiti, domin irin wannan jinkiri ke ɓata shi.

Kada a sa masa tsinken ashana ko gashin kaza, tura dauɗar ciki suke yi. Kada a ɗura man ja mai zafi ko ruwan ganye, musamman in kunnen yana zuba. In za a je asibiti, wanda ya fi sabawa da shi ya raka shi, a sami mai jin Turanci ko harshen garin. A gida kuma a fuskance shi in za a yi magana, cikin haske, a rage rediyo, a faɗi abu ɗaya ɗaya a tsanake. Ihu ba ya ƙara kome sai tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowa ya fara gwajin ji daga shekara 50. A ganina mai raunin fahimta a leƙa kunnensa kowace shekara, mai ciwon Dawun kuwa kada a jira ya kai ko 30.

Ga shugabanninmu kuwa, ga tambaya. Makafi suna da sarkinsu, kutare suna da nasu, guragu suna da nasu. Wa ke magana da yawun dolo? Ba zai taɓa kafa ƙungiya ba, ba zai je gidan rediyo ba. Saboda haka nauyin yana kan Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan canji. Kowane zango ya rubuta sunayen irin waɗannan mutane da masu riƙonsu. A yi wa kowanne kati ya riƙa yawo da shi, da Turanci da harshen garin, mai cewa ba ya ji sosai, ga inda za a kai shi. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya. Me zai hana fadar Sarkin Hausawa ta gayyato likitocin kunne a ranar, a duba su tare da sauran tsofaffinmu? Kuɗin da ake tarawa don sayen na'ura ɗaya bai kai abin da ake liƙi da shi a biki guda ba.

Ita ma hukuma da sauranta. Cikin Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, aka kafa musu hukuma ta ƙasa cikin 2020. Dokar ta tanadi magani kyauta a asibitocin gwamnati ga mai larurar ƙwaƙwalwa, ta kuma wajabta wa asibiti ya samar da hanyar fahimtar wanda ba ya iya magana ko ji. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, Jihar Legas kuma tana da tata dokar tun 2011, da ofishin kula da naƙasassu. Amma dattijo mai raunin fahimta ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Masu kula da irinsa yara suka fi sa wa ido, masu kula da tsofaffi kuwa sai ya kai 60, alhali shi tsufansa ya riga ya zo. Ya kamata hukumomin nan su haɗa kai, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa leƙa kunne da wanke shi, a ba su fitilar yin haka. Mu kuma mu san dokar, mu nemi haƙƙinsa da ita, domin doka ba ta bin mutum gida.

Jama'a, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In Allah Ya ba mu tsawon rai, da yawanmu za mu wayi gari jikoki suna magana muna ganin motsin baki kawai. Mu a ranar muna da bakin cewa a ɗaga murya. Shi ba shi da shi, sai wanda ya tsaya masa. Duk mai irin wannan bawan Allah a gidansa ko a ƙofar shagonsa, ya tsaya bayansa yau ya kira sunansa a hankali. In bai waiwayo ba, gobe a kama hanyar asibiti. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.